Ko Kun Sani? Kunkurun Minecraft Ba Ya Manta Mahaifarsa

A wasan Minecraft, kunkurun teku ba ya manta gaɓar da aka ƙyanƙyashe shi. Ko ka kai shi uwa duniya, idan lokacin saka ƙwai ya yi, sai ya yi ta iyo har ya komo kan wannan yashin. Kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya shigo da shi wasan a 2018, kuma daga kunkurun gaske aka kwaikwayo ɗabi'ar, domin su ma matan kan koma gaɓar da suka fito su yi ƙwai.

Ƙwan, daga ɗaya zuwa huɗu a wuri guda, ba ya ƙyanƙyashewa sai a kan yashi, kuma ya fi saurin fashewa da dare, daidai lokacin da dodannin wasan ke fitowa su tattake shi. Shi ya sa gwanaye ke kewaye shi da shinge. Wahalar ba ta faɗuwa ƙasa banza: kowane ɗan kunkuru da ya girma yakan yar da ɓawo ɗaya, biyar kuma su ake haɗawa a yi hular da ke ƙara wa ɗan wasa daƙiƙa 10 na numfashi a ƙarƙashin ruwa.