Ruwan Karaye da Tsuntsayen Baturiya

Mu mutanen Unguwar Hajji da sauran ƙauyukan Karaye da Rogo mun saba da madatsar ruwa ta Challawa. Tun da aka gama ta a 1992 muke cin kifinta, waɗansunmu kuma suna noman rani a bakinta. Amma ko mun taɓa tambaya ina ruwan nan yake zuwa in an buɗe masa ƙofa?

Gabas yake gangarawa, ya haɗu da Kogin Kano mai fitowa daga madatsar Tiga, su zama Kogin Haɗeja. Bayan garin Haɗeja ƙasa a shimfiɗe take kamar faifai, sai kogin ya rarrabu ya malale cikin fadamu har Nguru. Nan ne Baturiya take, a Jihar Jigawa, da Dagona a Jihar Yobe. An keɓe wuraren nan biyu domin tsuntsaye, an hana farauta a cikinsu. A 2008 aka sa su cikin jerin fadamun da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kiyayewa.

Dinya da kirinjijiya da zalɓe 'yan gida ne. In hunturu ya kama kuwa, sai baƙi su sauka: agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka gudo wa sanyin Turai, suka ƙetare hamada da fikafikansu. Har Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona ganinsu a 1989.

To, ga inda abin ya shafe mu. Dā ruwa yakan cika fadamun da damina, ya janye da rani, ya bar laka da kifi da ciyawa. Tsuntsu ya ci, masunci ya ci, mai shinkafa da makiyayi su ma su samu. Tun da aka datse Tiga a 1974, Challawa ta biyo baya, ambaliyar ta ragu, waɗansu rassan kogin kuma ba su bushewa ko da rani. Haka ciyawar kachala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, jan-baki kuma ya sami wurin ɓuya yana ɓarna a hatsi. Ba mu ce madatsar mugun abu ce ba, gama mun san amfaninta. Amma a ganinmu ya kamata masu buɗe ƙofarta su riƙa tunawa da na ƙasa.

Iyaye, in da hali, ku kai yara can a hutun Kirsimeti, lokacin baƙin suna nan. Ku fara neman izinin ma'aikatan gandun, ku isa da sassafe, a bar danƙon harbi a gida. Wanda kuɗin mota ya gagare shi, bakin ruwan Challawa ma da asuba ba ya rasa zalɓe da balbela.