Maganin da Ya Ƙwace wa Medina Spirit Nasara

A watan Mayu na shekarar 2021, dokin nan mai suna Medina Spirit ya zo na ɗaya a sukuwar Kentucky Derby, wadda babu kamarta wajen shahara a Amurka, amma da aka auna jininsa, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, sai aka tarar da maganin betamethasone a ciki.

Shi wannan magani, wanda likitocin dabbobi kan bayar domin kwantar da kumburin gaɓoɓi, halal ne a lokacin jinya, haramun ne ranar tsere, domin yakan ɓoye ciwo, har dabbar da Allah bai ba ta bakin kai ƙara ba ta yi ta gudu a kan rauni, ta karye, ta jefa mahayinta cikin halaka. Wannan kuwa, a ganina, zalunci ne da ya fi ha'incin kansa muni.

Mai horar da dokin, Bob Baffert, ya kawo uzurin cewa daga man shafawa na ciwon fata maganin ya fito. Mahukunta ba su karɓa ba: a Fabrairun 2022 suka miƙa nasarar ga wani doki mai suna Mandaloun, suka dakatar da Baffert kwana 90.