Koyar da 'Yan Makaranta Sha'anin Zaɓen Fid da Gwani

Gabatarwa

Galibin mutane idan aka ambaci zaɓe, abin da yake faɗo musu a rai shi ne ranar da ake yin layi a rumfa ana jefa ƙuri'a. To, amma kafin wannan rana akwai wani zaɓe da jam'iyyu suke yi a tsakaninsu domin tsayar da ɗan takara, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna zaɓen fid da gwani. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana dalilin da ya sa ya kamata yara su san wannan zaɓe tun suna makaranta, da kuma hanyar da malami zai bi ya koyar da shi.

Matsayin Zaɓen Fid da Gwani

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya shardanta cewa duk mai neman kujerar mulki sai wata jam'iyya ta tsayar da shi. Ke nan sunayen da talaka zai zaɓa daga ciki, wasu ne suka riga suka tace masa su. Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi hanyoyi uku na yin wannan tacewa. Ta farko ita ce 'yar tinƙe, inda kowane ɗan jam'iyya yake da ƙuri'a. Ta biyu ita ce ta wakilai, watau daliget, waɗanda suke zaɓe a madadin sauran. Ta uku kuwa ita ce ta sasantawa, inda 'yan takara suke janye wa mutum ɗaya.

Alƙaluma za su ƙara fito da batun fili. A 2022 Atiku Abubakar ya sami tikitin PDP da ƙuri'a 371, Bola Tinubu kuma ya sami na APC da ƙuri'a 1,271. Da aka zo babban zaɓe a 2023, mutanen da suka yi rajista sun haura miliyan 93. Watau wakilai 'yan dubbai ne suka yanke wa miliyoyi shawarar waɗanda manyan jam'iyyun biyu za su gabatar musu.

Har ila yau, kuskure a wannan mataki yana iya rushe babban zaɓe ɗungurungum. A watan Mayu na 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un da APC ta samu a Jihar Zamfara, bisa hujjar cewa ba ta gudanar da sahihin zaɓen fid da gwani ba. Jam'iyyar ta rasa kujerar gwamna da ta sanatoci 3 da ta 'yan majalisar wakilai 7 da ta 'yan majalisar jiha 24, aka rantsar da Bello Matawalle na PDP. Dubban mutanen da suka sha rana a layi, ƙuri'arsu ta tashi a banza saboda abin da ya faru watanni kafin su fito.

Dalilin Farawa Daga Makaranta

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da yake aji shida na firamare, bai fi shekara shida ko bakwai ba zai cika 18, ya sami ikon jefa ƙuri'a. Bugu da ƙari, gyaran tsarin mulki na 2018 ya rage shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Amma duk da haka, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa a 2023 ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. Wanda ya tarar da sunayen da ba ya so, kuma bai san yadda aka yi suka hau takarda ba, da wuya ya ga amfanin fitowa.

Hanyar Koyarwa

Gani ya kori ji. Maimakon haddar ma'anoni daga allo, sai malami ya mai da zaɓen monita darasi mai hawa biyu. Da farko a raba aji gida biyu, kowane gida ya zaɓi suna da alama waɗanda ba su da nasaba da wata jam'iyya ta gaske. Gida ɗaya ya tsayar da ɗan takararsa ta hanyar 'yar tinƙe, ɗayan kuma ya zaɓi wakilai uku su tsayar masa. Bayan haka sai a yi babban zaɓe, a jefa ƙuri'a a asirce cikin kwali, a ƙidaya a gaban kowa.

Gundarin darasin yana cikin tattaunawar da za ta biyo baya. Sai malami ya tambaya: wanne ya fi sauƙi, a rarrashi mutum uku da alewa ko a rarrashi mutum talatin? Wa ya ji tsoron bayyana ra'ayinsa da aka yi ƙato-bayan-ƙato, abokinsa yana kallo? Ta haka yara za su gano da kansu dalilin da ya sa ake kukan sayen daliget, da hikimar ƙuri'ar sirri.

Daɗin daɗawa, a horar da su su auna ɗan takara kafin su zaɓe shi, don gudun zaɓen tumun dare. Tambayoyi uku sun wadatar: me ya yi alkawari? Shin abin yana cikin ikon muƙamin da yake nema? Me ya taɓa yi a baya? Monitan da ya ce zai soke jarrabawa ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. Yaron da ya gane wannan, gobe zai gane bambancin aikin kansila da na gwamna.

Akwai sharuɗɗa biyu da ya wajaba a kiyaye. Na farko, kada malami ya nuna jam'iyyar da yake so, domin aji ba dandalin yaƙin neman zaɓe ba ne. Na biyu, a tabbata 'yan mata sun tsaya takara kuma sun yi zaɓe, a kuma sanar da su cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai a 1979.

Kammalawa

A nan masu nazarin Hausa suke da rawar takawa. Kalmomi irin su fid da gwani da 'yar tinƙe da ƙato-bayan-ƙato suna bakin jama'a, yara suna jin su a rediyo da zaure. Abin da ya rage shi ne a daidaita ma'anoninsu, a shirya ƙananan littattafai da wasannin kwaikwayo da malamin firamare zai iya ɗauka ya shiga aji da su. Idan an yi haka, ranar da yaron ya karɓi katin zaɓe zai san cewa hakkinsa ya fara ne tun daga mazaɓa, lokacin da jam'iyya take neman wanda za ta tsayar.