Motar gazuwal: jakar tafiya ce, amma ba ta yafe ruwa da ƙura

A kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso da Ƙonni da Maraɗi har Damagaram, tafiyar kilomita wajen 900, mafi yawan motocin da ke ɗauke da jama'a da kaya gazuwal suke sha. Hiace ta ƴan kasuwa, da Hilux ta ma'aikata, da Land Cruiser mai kutsa rairayin Agadas, da tsofaffin Mercedes da Peugeot da suka ƙi mutuwa, duka dangi ɗaya ne. Shi ya sa in magidanci ya tara ƴan kuɗinsa zai sayi mota, shawarar farko da yake samu a majalisa ita ce ya nemi mai gazuwal, wai ba ta shan mai kuma ba ta tsufa. Maganar da gaskiya a cikinta, sai dai an yi ta ne a wani zamani, kuma a kan wasu motoci.

Mu fara da lissafi, tun da shi ne ke jan mutane. Bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a watan Nuwamba na 2011, wadda ke iya tace ganga 20,000 a kowace rana daga man Agadem, an daɗe ana sayar da litar gazuwal sefa 538, isansi kuma 540, kusan kunnen doki. A watan Agusta na 2022 gazuwal ya hau zuwa 668, isansi ya tsaya inda yake. Da aka yi ragi a watan Yuli na 2024, gazuwal ya sauko 618, isansi 499. Mu ɗauki wannan farashi na 2024 mu yi misali da motoci biyu masu girma ɗaya, wadda ke shan lita 10 na isansi a kilomita 100, da ƴar uwarta mai shan lita 7 da rabi na gazuwal. Ta farko ta ci sefa 4,990, ta biyu 4,635. Ribar ke nan 355. Wanda ke yin kilomita 10,000 a shekara, tsakanin gida da wurin aiki da kai yara lakkol, abin da ya tsira da shi bai kai jika 36 ba, kuɗin da gyaran famfon gazuwal sau ɗaya zai iya haɗiyewa. A ganinmu, mai irin wannan zirga-zirga ta cikin gari ba shi da abin nema a motar gazuwal. Ita ta mai dogon zango ce da kaya masu nauyi.

To amma wanda ya riga ya saya fa, ko sana'arsa ta tilasta masa? Abin da ya kamata ya fara sani shi ne injin gazuwal ba ya da buji mai tartsatsi. Iska yake matsewa, wajen sau 20 a tsofaffin injuna, har ta yi zafin da in aka fesa mata mai sai ya kama da kansa. Famfo da anjekter su ke wannan feshi, kuma ƙarafan da ke cikinsu an gyare su ne daidai wa daida, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin silin gashi ba. Gazuwal ɗin da ke wucewa shi ne kuma ke shafe su don kada su ci juna. Ke nan duk abin da ya shiga tanki wanda ba gazuwal ba, ko ruwa ko rairayi ko kananzir, ƙarafan nan yake zuwa ya goga.

Nan ne maganar ƴan ruwa-ruwa ta shigo. Ba mu ce duk man bakin hanya gurɓatacce ne ba, kuma direban da ke tsakanin Tanut da Agadas ba kullum yake da zaɓi ba. Amma jarkar da aka ɗebo ruwan rijiya da ita jiya, ko gangar da ta kwana buɗe cikin damina, ba ta rasa ɗigo. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, saboda haka ƙasa yake kwanciya. Tsofaffin direbobi sun san wannan, su kan bar jarka ta kwana a tsaye ba a motsa ta ba, su zuba ta cikin mazurari da ƙyalle mai tsabta, su bar na gindin. Ko man gidan mai ne, tankin da ake bari kullum kusan wayam yana yin gumi daga ciki in dare ya yi sanyi, gumin nan kuwa ruwa ne.

Motocin Toyota da yawa suna da fitila a tablo mai nuna ruwa ya taru a ƙarƙashin filtir, wasu har da ƙara. Zubar da shi aikin minti biyar ne da kowa zai iya a ƙofar gida. A kashe inji, a tara gwangwani, a sassauta maƙullin roba da ke gindin filtir ɗin, a riƙa danna ɗan famfon hannu da ke samansa har sai gazuwal zalla ya fara fita, sannan a ɗaure da hannu kawai, ban da kile, don roba ce tana fashewa. Wannan ɗan famfo shi ne kuma maceci ranar da mai ya ƙare a hanya ko aka canza filtir. Iska ta shiga bututu, kuma injin ba zai tashi ba sai an kore ta. A yi ta dannawa har famfon ya yi tauri a hannu kafin a taɓa makulli. Abin da muke yawan gani shi ne mutum ya zuba mai ya kama murɗa makulli ba ƙaƙƙautawa, har batir ya mutu, demarer ya ƙone, alhali magani na nan ƙarƙashin hancinsa. Daƙiƙa 10 zuwa 15 ta isa, a bar demarer ya huce kafin a sake.

In kuwa aka yi kuskure a gidan mai aka zuba isansi, kada a tada motar ko don a matsar da ita. A tura ta gefe, a juye tankin.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, filtir ɗin iska da aka ƙera don titunan Turai yana iya toshewa cikin ƴan makonni, motar ta rasa ƙarfi a hawa, ta riƙa baƙin hayaƙi. A fitar da shi a kakkaɓe a hankali, in za a hura masa iska a wurin mai faci, daga ciki zuwa waje ake hurawa. Na takarda ba a wanke shi, wanda ya yage kuma ya gama aiki, don ƙurar da ta wuce shi cikin inji take zuwa ta zama dutsen wasa. Hayaƙin ma labari yake bayarwa ga mai lura. Baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Mai shuɗi-shuɗi, injin na cin man inji. Fari da safe wanda ke ɓacewa in mota ta ɗumama, galibi bujin ɗumama ne suka mutu, amma farin da ba ya tsayawa, ga ruwan radiyater na raguwa, wannan a garzaya garaji don kulas ne ake tuhuma.

Bujin ɗumaman nan su ne ke sa motar da ke tashi bugu ɗaya cikin bazara ta ƙi tashi da asubar hunturu. A jira fitilarsu ta mutu a tablo kafin a murɗa. Dabarar fesa maganin sauro ko tsuma ƙyalle a isansi a kanga a bakin iska, wadda yaran garaji ke yi suna murna, tana tada inji, kuma tana fasa shi. Canza buji huɗu ya fi arha nesa ba kusa ba.

Zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ma'auni ke kaiwa digiri 45, shi ne ke kashe injuna da yawa, kuma a nan muna da saɓani da wasu masu garaji. Da mota ta fara zafi sai su cire kalorista su jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Allurar takan sauka na ɗan lokaci, amma cutar tana nan, sau da yawa radiyater ne ya toshe da gishirin ruwan rijiya da ake ɗura masa shekara da shekaru. Ruwan sanyaya inji na kanti, ko aƙalla tataccen ruwa irin na batir, ya fi. Kuma ba a buɗe murfin radiyater yana tafasa, likitoci sun ga fuskoki da hannuwa da yawa a kan haka.

Bidanji a yanayinmu kada ya wuce kilomita 5,000, tare da filtir ɗinsa. Akwai kuma ɗamarar roba mai haƙora da masu gyara ke kira kurwa, sunan da ya dace da ita, don in ta tsinke mota na gudu fisto ya haɗu da supap, kurwar injin ce ta fita. Toyota na cewa a canza ta tsakanin kilomita 100,000 da 150,000 gwargwadon inji, har ta sa fitilar T-BELT don tuni. Matsalar ita ce motar da ta zo ta Kotonu ko Lome ba wanda zai rantse a kan lambar da ke tablonta. Wanda ya saye ta ya canza kurwa a makon farko, ya fara ƙidaya daga nan.

Duk wannan ya fi sauƙi a kan tsofaffin injuna irin su 1HZ na Land Cruiser mai silinda shida, da 3L da 5L na Hilux da Hiace, waɗanda makanisiye zai warware da kile da kunne. Sababbin, irin su D-4D na Toyota da HDi na Peugeot, kwamfuta ke sarrafa su, kuma ƙarfin da suke fesa mai da shi yana kaiwa bar 1,600 ko fiye. A kansu ba a sassauta bututun anjekter inji na aiki, ba a kuma laluben yoyo da yatsa, don man yana huda fata ya shiga nama, har ta kai ga yanke yatsa. Motocin da aka sayar a Turai daga wajen 2011 suna ɗauke da matatar toka a bututun hayaƙi, wadda ke buƙatar doguwar tafiya da gudu don ta ƙone abin da ta tara, kuma an ƙera ta ne don gazuwal mai ƙarancin farar wuta, kashi 10 cikin miliyan, dokar Turai tun 2009. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwis ta gwada man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, ta samu a Mali wanda ya ninka wannan iyaka sau 378. Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka gwada, amma motocinmu ba sa tsayawa a iyaka, kuma jarka ba ta zuwa da takardar haihuwa.

Saboda haka mai shirin sayen irin wannan sabuwar, kafin ya tambayi farashi ya fara tambayar ko a garinsu akwai mai na'urar karanta kwamfutarta da mai gwada anjekter. In amsar ita ce sai Yamai ko Kano, to kuɗin jan motar zuwa can ma yana cikin kuɗin sayenta.