SHARAR DA KE TARUWA CIKIN KWAMFUTA, DA YADDA A KE KWASHE TA BA HASARA

Kowane akawu da ya san aikinsa ya san takardun ofis iri biyu ne. Akwai wadda a ke ɗinkewa cikin fayil a adana, akwai kuma ta gwaji, wadda a kan yi lissafi a bayanta, in an gama a jefa kwando. Ofishin da ba ya zub da ta gwaji, ba da jimawa ba zai rasa wurin aza littafi. Wanda kuwa ya haɗa su duka ya cinna musu wuta, ran da mai binciken kuɗi ya iso sai ido ya raina fata. To, haka al'amarin ya ke ga kwamfuta, wadda yau ita ke riƙe da lissafin albashi da sakamakon jarrabawar yara.

INDA SHARAR TA KE FITOWA

Kwamfuta ba ta aiki sai da takardun gwaji nata, su ne a ke kira fayilolin wucin gadi. In ka buɗe wasiƙa da Word, nan take ya kan kafa wani ɗan ɓoyayyen fayil mai fara suna da ~$, kuma bisa tsarinsa na asali kowane minti 10 ya kan ajiye kwafin abin da ka rubuta don gudun tsautsayi. In ka sa sabuwar manhaja, sai ta kwance kayanta a wani wuri tukuna. Manhajar shiga intanet kuwa ta kan adana hotunan shafin da ka duba, don in ka komo kada ta sāke ɗebo su.

Ƙa'ida ita ce kowace manhaja ta share nata bayan ta gama. Amma ba kullum a ke yin haka ba. Wata an gina ta da sakaci, wata ta kan cije a tsakiyar aiki, sau da yawa kuma wuta ce ke ɗaukewa ba sallama, injin ya mutu kafin a yi shara. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har rumbun ajiya ya cika.

Rumbun kuwa ba shi da faɗin da a ke zato. Windows 11, wanda ya fito a 2021, ba ya yarda ya zauna a rumbun da bai kai gigabait 64 ba, alhali kwamfutoci masu sauƙin kuɗi da yawa gigabait 128 ko 256 gare su. Sa'ad da wurin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin 100, layin da ke nuna cikar rumbu sai ya koma ja. Daga nan injin ya kan soma nauyi, gama Windows ya kan ari wuri a rumbu in aiki ya yi masa yawa. Ƙarshenta sai gyaran da Microsoft ke aikowa ya ƙi shiga, ko a ƙi ajiye maka aikin da ka wuni kana yi.

TSINTSIYA TANA CIKIN GIDA

Ba sai an sayi kome ba. Tun Windows 98 akwai abin shara mai suna Disk Cleanup. Rubuta sunan a wurin nema, ka zaɓi rumbun C, sai ya jero maka irin sharar da ya samu da girman kowace. Ka sa alama ga wadda ka ke so a kwashe, sa'an nan ka ba da izini.

A 2017 aka ƙara wani cikin Windows 10, watau Storage Sense, wanda in an kunna shi ya kan yi shara da kansa. A kan same shi ta Settings, sai System, sai Storage.

Mai son yi da hannunsa kuwa, sai ya rufe dukan ayyukansa tukuna, ya danna maɓallin Windows tare da R, ya rubuta %temp%. Jakar da za ta buɗe ita ce jujin. Ya zaɓi abin da ke ciki ya share. In injin ya ce wani fayil yana cikin aiki, a tsallake shi, kada a yi gardama da shi.

Akwai kuma wata babbar jaka, Windows.old. Da ya ke Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, mutane da yawa sun ƙaura zuwa 11, tsohon kuwa cikin wannan jaka a ke tara shi, ya kan ci fiye da gigabait 10. Ita ce hanyar komawa baya in sabon bai karɓi injin ba. Bayan kwana 10 Windows ya kan share ta da kansa, saboda haka haƙuri ya fi.

WURARE UKU NA HATTARA

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na farko, jakar Downloads. Sunanta yana cikin jerin fayilolin wucin gadi a Settings, alhali kuwa nan ne takardun da aka aiko maka daga hedkwata su ke sauka. A 2018 Microsoft ya sa ta cikin jerin Disk Cleanup, jama'a suka yi kuka, aka fid da ita a 2020. Kada ka sa mata alama sai ka buɗe ta ka duba.

Na biyu, kwandon shara, watau Recycle Bin. Waɗansu sun mai da shi akwatin ajiya, suna cewa ai in sun bukata sa ɗauko. Su sani Storage Sense, bisa tsarinsa na asali, ya kan zub da abin da ya kwana 30 a ciki.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Malami ya kan buɗe takardar maki kai tsaye daga cikin wasiƙar imel ko daga matsattsen fayil na zip, ya cika makin aji guda, ya danna ajiya, bai san cikin jakar wucin gadi aikin ya faɗa ba. In an yi shara, sai makin ya bi ta. Maganin abin shi ne, duk takardar da ta zo, a fara ajiye ta cikin Documents da sunan da a ka sani kafin a taɓa ta.

Kada kuma a dogara da cewa gwani zai komo da abin da ya ɓace. A tsohon rumbu mai faifai a kan yi dace wani lokaci. A sabon irin da a ke kira SSD kuwa, injin ya kan goge wurin ba da daɗewa ba, sai a rungumi ƙaddara.

Haka nan a yi hankali da manhajojin shara da a ke talla a intanet. Ko sanannu ba su tsira ba: a 2017 ɓarayi suka cusa mugun abu cikin CCleaner, mutum fiye da miliyan 2 suka sauke shi ba su sani ba.

SHARA BA TA ƘARA FAƊIN ƊAKI

In an kwashe shara layin bai bar ja ba, to, kayan mai gida ne suka yi yawa, galibi hotuna da bidiyo. Shafin Storage zai nuna abin da ya fi cin wuri. Sai a kwashe su zuwa rumbun waje, a kuma cire manhajojin da ba a amfani da su.

Shawararmu ga akawuna da malamai ita ce su tsai da rana guda kowane wata, misali bayan an gama lissafin albashi. A fara kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri dabam, a rufe ayyuka, a karanta jerin layi layi, kana a share. In injin na ofis ne, a nemi yardar mai kula da shi kafin a taɓa jakar Windows kanta. Takardar da ka yi shakka a kanta ka bar ta, gama wurin da za ta ci kaɗan ne, sāke rubuta ta kuwa aikin mako ne. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.