Abinci Bai Ƙare Ba, Mu Ne Muka Wawashe Shi

A lokacin kullen korona na gaji da jin maganar nan ta "ku saya ku jibge, abinci zai ƙare a gari". Tun daren 16 ga Afrilu 2020 da aka kulle Kano ta yi ta yawo a WhatsApp. Daga baya aka ba mu Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, mu fita cefane, amma duk da haka maganar ba ta mutu ba.

Jama'a, wane abinci ne zai ƙare? A lokacin, gero da dawa da masarar kakar 2019 suna nan a rumbuna da shagunan kasuwar Dawanau, korona kuwa ba ta cin hatsi. Dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ta wancan lokacin ma ta ware motocin abinci. Haka ne, direbobi sun sha wuya a shingaye, kuɗin mota ya hau. Amma abin da ke share kanti kafin azahar shi ne mutum ɗaya ya sayi na mutum ashirin.

Wata ranar Alhamis na gani da idona a wani shago a unguwarmu. Wani Alhaji ya sa aka loda masa buhunan sukari da katon-katon na taliya har bayan motarsa ya ƙi rufuwa. Wata dattijuwa na bayansa da kuɗinta a ƙulle a bakin zane, rabin kwanon sukari take nema na kunun buɗa-baki. Da aka zo kanta, mai shago ya ce: "Baba, sai haƙuri, ya ƙare." Ai ba ƙarewa ya yi ba, yana bayan mota. Mai shago kuma ya ga ana rububi, ran Litinin sai ya ƙara kuɗi. Ɗan kasuwar da ke ɓoye kaya don su yi tsada, a watan azumi, shi ma ya san Musulunci ya hana.

To, shawarata a lokacin ita ce: ka yi awon da zai kai ka ranar fita ta gaba, iyaka mako ɗaya. Tumatir da attaruhu ba sa jira, balle a zafin nan ba wuta. Ki nemi kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka. Ku rubuta abin da kuke bukata tun a gida. Mutum ɗaya ya fita, da takunkumi a fuska, a bar yara da tsofaffi. Maƙwabta uku na iya haɗa kuɗi su aiki mutum guda. Kada kowa ya ce sai ƙarfe 10 cif, lokacin ne ake turereniya, ƙirji da baya, a rushe kullen kwana uku cikin sa'a ɗaya. In ka dawo, sabulu da ruwa kafin ka taɓa kowa.

Na kuma roƙi wanda ya riga ya cika ɗaki da kaya, don Allah ya leƙa gidan ɗan ga-ruwa da mai faci na layinsu, waɗanda sai sun fita suke ci. Ya auna musu ko tiya ɗaya ce kafin a sha ruwa.