Ɗan Sanda a Hannun Gandiroba

Ranar da alƙali ya yanke wa mutum hukuncin ɗauri, abin da shari'a ta karɓe masa shi ne 'yancin walwala kawai. Ransa da lafiyarsa amana ce a wuyan hukuma har ranar da zai fito, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Riƙon wannan amana kuwa bai taɓa yin wuya ba kamar ranar da aka shigar da tsohon ɗan sanda ko tsohon gandiroba kurkuku yana fursuna.

Dalilin a fili yake. Mai yiwuwa ne cikin 'yan sarƙan akwai wanda shi ya kama, ko ya ba da shaida a kansa. Ko da babu, kakin da ya taɓa sawa ya isa laifi. Fursunoni suna da tasu doka wadda ba a rubuce take ba, babban zunubi a cikinta kuwa shi ne haɗa kai da hukuma, har ma wanda ya illata ɗan sanda girma yake samu wurin 'yan'uwansa. Al'amarin gandiroba yana da ƙarin rikici, don ya san lokacin canjin aiki da lungunan gidan, masu tsaronsa kuma abokan aikinsa ne na jiya. Waɗansu za su sassauta masa, waɗansu su tsananta don gudun zargi. Shi ya sa akan kai shi kurkukun da ke nesa da inda ya yi aiki.

Labarin Derek Chauvin na ƙasar Amurka ya isa misali. Shi ne ɗan sandan Minneapolis da ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu ran 25 ga Mayu, 2020. A 2021 kotun jihar Minnesota ta ɗaure shi shekara 22 da rabi. Aka ajiye shi a kurkukun Oak Park Heights, a ɗaki shi kaɗai, awa 23 kowace rana, da sunan kāre ransa. To, a nan gizo ke saƙar. Ƙa'idodin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda ake kira Ƙa'idodin Mandela, sun ce tsare mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da cuɗanya da mutane ba shi ne ɗaurin kaɗaici, sun kuma hana ya wuce kwana 15 a jere. Watau abin da akan yi wa fursuna mai taurin kai don horo, shi ne aka yi wa wannan na sama da shekara guda don kariya, alhali babu alƙalin da ya yanke masa shi.

A watan Agusta na 2022 aka mai da shi kurkukun gwamnatin tarayya da ke Tucson a jihar Arizona, inda yake cuɗanya da sauran fursunoni. Ran 24 ga Nuwamba, 2023, wani fursuna ya same shi a ɗakin karatun littattafan shari'a, ya soke shi sau 22 da wuƙar da ya ƙera da kansa. Da sauran kwanansa, ya tsira. A 2024 aka sake masa wuri zuwa Big Spring a jihar Texas. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

A Ingila fursuna yana iya roƙon a keɓe shi, bisa ƙa'ida ta 43 ta dokokin kurkuku na 1964, wadda ta zama ta 45 a 1999. Sai dai sashen da akan kai shi, nan ne ake tara masu laifin fyaɗe da 'yan rahoto, tambarin da ba ya goguwa.

Rasha ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta ce tsofaffin ma'aikatan kotu da na tsaro a ɗaure su a gidajen yari nasu na kansu. Mafi shahara shi ne mai lamba 13 a garin Nizhny Tagil, yankin duwatsun Ural. Can aka kai Yuri Churbanov, surukin shugaba Brezhnev, wanda ya yi mataimakin farko na ministan harkokin cikin gida, bayan an ɗaure shi shekara 12 a 1988 saboda cin hanci. Wannan tsari ya fi kusa da adalci ta fuskar kāre rai, tun da mutum yana aiki, yana hira da mutane, ba ya kwana da ido ɗaya. Amma talaka yana da hujja in ya yi zargin gata, domin ma'aikatar da Churbanov ya taɓa zama mataimakin ministanta ita ce ke riƙe da kurkukun ƙasar a lokacin. An sake shi a 1993, tun wa'adinsa bai cika ba.